Sukarin Barmo a Takardar Siminti

A Gure, in ka tambayi gidan Barmo ba wanda zai tsaya yi maka kwatance. Cewa za a yi, "Bi ƙamshin shayi, inda ya tsaya nan ne." Dattijo ne dogo, baƙi, mai siririn farin gemu, yana da garka a wani kwari kan hanyar Gidigir, inda rake ke fitowa kore shar a tsakiyar tudun rairayi. Rabin rayuwarsa a cikin raken nan ya yi ta, ɗaya rabin kuma a gindin furnonsa na gawayi, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ta hau bakin finjali. Sukari kuwa ba ya auna shi. Zubawa yake har sai zuciyarsa ta ce ya isa, zuciyar tasa kuma ba ta da saurin magana.

Autarsa Salima tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta unguwarsu. Mijinta malamin dabbobi ne, ya fi zama a daji wajen makiyaya, don haka kusan kullum a gidan iyayenta take yin la'asar. Tun tana ƙarama hannunta ba ya zama haka nan. Ta sha duka a wurin uwarta Yabawa saboda zanen gawayi a bangon ɗaki, amma ba ta daina ba. Da ta je makarantar horon malamai a Damagaram abin ya ƙara kama ta, ta dawo tana zana duk abin da ido ya gani, har ana kawo mata kallo.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, wadda malamai suka yi ta yajin aiki har yara suka kusa manta ƙofar aji, ita ce shekarar da jikin Barmo ya canza. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, fitsari ba ya barinsa ya zauna, ga wani ɗan ciwo da kututturen rake ya ji masa a ƙafa ya ƙi warkewa. Yabawa ta sa shi gaba da magana har ya yarda Salima ta raka shi gidan likita.

Wanda ya duba shi Majo Sahabi ne, babban malamin jinya, mutumin Tawa da aka turo Gure aiki, mai fara'a amma ba ya ɓoye wa majinyaci gaskiya. Ya yi awonsa, ya wanke ƙafar ya ɗaure, sannan ya ce, "Baba, ciwon sukari ne."

"Ciwon wa?"

"Sukari. Ya yi yawa a jininka. Daga yau sai ku raba hanya."

Barmo ya yi dariya har gemunsa na rawa. "Yaro, tun ba a haifi babanka ba muke tare da shi. Bai taɓa yi mini laifi ba."

"To, ga shi ya fara," in ji Majo.

Da za su fita, Majo ya tsayar da Salima a bakin ƙofa. Ya ce mata masu irin wannan ciwo suna ƙaruwa, shi kuma ya gaji da maimaita magana ɗaya, ga shi yawancin masu zuwa ba su karanta rubutun boko ba. "Madam, an ce hannunki yana magana. Ki zana mana wani abu mu rataya a rumfar da ake jira, wanda ko ba a yi bayani ba mutum zai gane."

Salima ta amsa. Ta samo takardar buhun siminti ta goge ta, ta shimfiɗa a tsakar gidanta. A lokacin tsoro ne cike da ranta, don Majo ya gaya mata a asirce inda ciwon ƙafa ke kai mutum in aka yi sakaci, kuma tsoron nan ne ya bi hannunta. Ta zana wani tsoho a duƙe yana waige, yana tura ƙwayoyin sukari cikin buta da sauri. A gefensa ta sake zana shi dogare da sanda, ƙafa ɗaya babu. Ba ta yi niyya ba, amma gemun da ya fito siriri ne, hular kuma ta karkata hagu, yadda mutum ɗaya tak ke karkata tasa a duk Gure.

Ba a jima da rataye zanen ba Barmo ya shiga butikin Ɗan Kasuwa sayen ganyen shayi. Ɗan Kasuwa, wanda bakinsa bai iya riƙe labari ba, ya tarbe shi da cewa, "A'a, Barmo! Ashe an rataye ka a likita? Duk wanda ya je allura sai ya gaishe ka."

Daga nan Barmo ya ɗingisa har rumfar, ya tsaya gaban takardar ya daɗe, ya juya gida. Da la'asar ya hura gawayi ya dafa shayinsa yadda ya saba. Tun Salima na yarinya, in an zo dahuwa ta uku, wadda ta fi sauƙi a baki, sai ya ɗaga murya ya ce, "Auta, zo ki karɓi naki." Ran nan tana zaune kusa da uwarta tana tsintar yakuwa, ta ji ya tsiyaya ta uku, ta ji ya shanye, ta ji ya kife finjalin. Washegari ma haka.

Yabawa ta dube ta ta ce, "Je ki ciro abin nan. Gobe ki bi shi garka. Maganar nan ba ta cikin gida ba ce, a nan ba zai buɗe baki ba."

Da safe Salima ta hau amalanken jakin maƙwabta, takardar na naɗe a hammatarta da wasu sabbi da ba a zana ba. Ta gangara kwarin ta tarar da shi zaune a inuwar goriba, ya miƙe ƙafar mai ciwo, addarsa a gefe, furno na ci. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon wuta.

"Baba, na ciro shi. Ka yi haƙuri. Ban san kai nake zanawa ba sai da na gama."

"Ba kamannin ne suka dame ni ba," in ji shi. "Ai kin iya, har hular. Amma kin zana ni ina waige kamar wanda ya shiga rumbun wani. Yaushe na taɓa shan shayi a ɓoye? Kuma shi ma sukarin kin yi masa rashin adalci. Kin kama labari daga wutsiya. In za ki zana sukari, ki fara daga inda ya fara."

"To daga ina ya fara?"

Ya jujjuya buta, sannan ya ce, "A wurina dai, daga jakar babana. Ina ɗan yaro ya dawo daga ayarin Kawar. Aka sauke gishiri, aka sauke dabino, sai ya ciro wani abu naɗe cikin shuɗiyar takarda, dogo mai tsini a sama, kamar ɗan ƙaramin rumbu. Wani Balarabe ne ya ba shi. Muka ɗauka gishiri ne. Ya sa ƙotar wuƙa ya ƙwanƙwasa, ya ba kowa ɗan gutsure. Na sa a baki na tsaya cak. Zuma na sani, dabino na sani, rake a cikinsa aka haife ni. Amma wannan fari ne kamar kanwa, ba ƙwallo, ba ɓawo, ba abin tofarwa. Na ruga bayan ɗaki na zauna ni kaɗai don kada a yi mini magana ya ƙare ban ji ba."

Kafin ya rufe baki Salima ta zaro guntun gawayin da ya huce daga gefen furno, ta shimfiɗa takarda a cinyarta. Raƙuma suka fito a durƙushe, mutum a tsakiya riƙe da kan sukari, yara sun kewaye shi da baki buɗe, can bayan ɗaki kuma wani ɗan yaro ya rufe ido. Barmo ya leƙo, ya daɗe yana kallon yaron.

"Ƙafafunsa sun fi haka ƙura," ya ce. Sannan ya tsiyaya shayi ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

Daga ranar aka sami aikin yi. Tunda ba a zuwa lakwal, kullum tana tare da shi, ko a garka ko a zaure, yana faɗa tana zanawa. Ya ba ta labarin zamanin da sukari ba ya shiga gidan talaka sai da biki ko baƙo, da yadda ake ɓoye shi a ƙasan adaka tare da kayan sallah. Ya ba ta na lokacin da kamiyo, babbar motar kaya, ya fara shigowa da na kwali mai ƙwayoyi, raƙumi ya rage daraja, shayi ya fito daga tantin makiyaya ya zauna a kowane zaure. Wani lokaci ya ƙara gishiri a labarin, Yabawa ta jiyo daga ɗaki ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah," shi kuma ya ce, "Ke kina nan ne?"

Rannan Salima ta zauna a madafa wajen uwarta, wadda ke dafa alewar da take sayar wa yaran unguwa. Ta ce, "Inna, ke ba ki da naki labarin?"

Yabawa ta ci gaba da juya tukunya. "Ni me zan ce? Wanda na sani ɗaya ne, kuma naki ne. Shekarar babban fari, kina ƴar lakwal sabuwar shiga, ƙyanda ta kama ki. Komai aka ba ki sai ya dawo. Kika zama kamar tsinke. Wata ungozoma ta ce a gwada ruwan sukari da cokali, ko zai zauna. A lokacin ko gero babu a gidan nan, balle sukari. Babanki ya fita da rawaninsa na aure a kai, ya tsaya bakin hanya har wani direban kamiyo ya tsaya. Ya dawo kai ba rawani, da ƴan ƙwayoyi a ƙulle a bakin riga. Shi da kansa ya riƙa ɗiga miki. Ko ɗanɗanawa bai yi ba, shi da kika sani." Ta share ido da gefen zane ta ce hayaƙi ne.

Suna cikin haka alewar ta kama. Ƙauri ya tashi, Yabawa ta sauke tukunya tana salati, tana cewa surutu ya ja mata asara. Salima ta ga abin da ya ƙone a gindin tukunyar, ja-ja baƙi-baƙi mai ƙyalli. Ta zuba ɗan ruwa, ta tsoma yatsa ta goga a gefen takarda. Launin da ya fito shi ne na tudun rairayi gab da magariba, wanda ta daɗe tana nema ba ta samu a gawayi ko a alli ba. Ta kwashe ƙanzon duka a gwangwani. Daga nan gawayi ke fitar da mutane, ƙonannen sukari kuma ya ba su ƙasa da sama da fatar jiki. Da shi ta zana mutum tsaye a bakin hanya, kai ba rawani, ƙurar kamiyo na nisa. Ba ta nuna wa babanta wannan ba sai daga baya, kuma da ya gani cewa ya yi kawai, "Uwarki ba ta riƙe magana."

Wata safiya a garka, ana saran rake, Barmo ya ce shi nasa labarin ya ƙare, sai a rataya zanen a rumfar Majo. Salima ta ce akwai saura.

"Baba, ka ce a fara daga farko. Kan sukarin nan da Balaraben ya ba kakana, kafin ya shiga shuɗiyar takarda, daga ina ya fito?"

"Daga ƙasar Turawa mana."

"Rake ba ya son sanyin ƙasarsu."

Ta zauna kan damin rake ta gaya masa abin da ta karanta a Damagaram. Ta ce asalin rake daga can gabas mai nisa yake, ya biyo hannun Larabawa, shi ya sa ma sunan sukari ya yi kama da nasu. Da Turawa suka ɗanɗana suka kasa haƙura, sai suka je wasu tsibirai a bayan teku suka mayar da su gonakin rake tun daga wannan baki har wancan. Masu saran kuwa daga ƙasashen baƙar fata aka riƙa kwaso su, a ɗaure, cikin jiragen ruwa, shekara da shekaru. Da yawa ba su kai ba. Waɗanda suka kai, a cikin raken suka tsufa, in sun samu tsufan.

Barmo ya ajiye adda. "Mutane irinmu?"

"Irinmu. Wanda kakana ya kawo, an riga an hana cinikin bayi kafin a yi shi. Amma hanyar da sukari ya bi ya cika duniya ke nan."

"Kuma raken ba nasu ba?"

"Ko sanda ɗaya."

Ya dubi garkarsa, ya dubi tafin hannunsa da ganyen rake ya tsattsaga tun yana saurayi. Shi ya san ƙaiƙayin ganyen nan a wuya, ya san yadda baya ke yi in an yini a duƙe. Can ya tashi, ya ɗauki adda, ya shiga cikin raken ya duƙa. "Zana," ya ce. "Ba haka ake riƙe ta ba in an gaji. Ga yadda ake yi. Dubi kafaɗa."

Ta zana shi sau da yawa, ta mayar da shi mutane da yawa, maza da mata a jere har ƙarshen takarda. Da ya zo dubawa ya ce, "Ba ki sa musu malfa ba. Rana za ta kashe su."

"Ban san an ba su ba, Baba."

"To ke ki ba su."

"In na ba su, masu kallo za su ce ai ana kula da su."

Ya yi tsaki, ya koma gefe, ya dawo. Suka yi ta ja har rana ta take. A ƙarshe ba a sa malfa ba, amma ya sa ta zana wata mata a bakin gona ta ɓoye gora a cikin ganye tana miƙa wa na kusa da ita, don a cewarsa ba a taɓa tara mutane a gona ba a rasa mai yin haka. Ya kuma sa ta yi wa matar zane a fuska irin na kakarsa, Bamangiya. Da aka yi azahar a gindin goriba, Salima ta ji ya daɗe yana addu'a, ta ji yana cewa, "da waɗanda suka sari rake a bayan teku, waɗanda ba mu san sunansu ba."

Aka sa ranar kasuwa mai zuwa za a rataya. Salima ta jera takardun a ɗakin ajiya na gidan iyayenta don su bushe sosai. Ana gobe kasuwa, da hantsi, ta buɗe ɗakin ta ƙwalla ƙara.

Kiyashi ne. Sun fito daga kowace kafa, layi-layi, sun rufe takardun baƙi ƙirin. Duk inda ƙonannen sukari ya yi kauri sun cinye shi, sun bar farare-fararen hanyoyi, wani wurin har sun huda takardar. Tudun rairayi ya zama kamar tsohuwar tabarma. Mutanen gawayi kaɗai suka bari tsaye.

Salima ta zauna a bakin ƙofa ta fashe da kuka. Barmo ya ɗingiso ya leƙa, ya ƙara leƙawa, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya yi ƙoƙarin riƙewa ya kasa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, har sai da ya dafa bango.

"Auta, ki yi haƙuri," ya ce yana share hawaye. "Majo ya ce ni kaɗai ne mai laifi. Je ki kira shi ya ga ƴan'uwana."

"Malam, yarinya na kuka kana dariya?" in ji Yabawa. Amma ita ma bakinta na motsi. Ta kwashe takardun ta baza a rana, kiyashin suka watse. Sannan ta ce wa ƴarta, "Ke ma da gangancinki. Wa ya taɓa ajiye zaƙi a ƙasa a gidan nan? Tashi ki wanke fuska."

Aka ɗaga ratayewa zuwa wata kasuwar. Barmo da kansa ya aika aka samo masa ƙaro daga wajen masu ɗiba a daji, Yabawa ta jiƙa shi ta dama da jar ƙasa da ɗan ruwan ganyen shayi. Launin bai kai na sukarin kyau ba, Salima ta sani, ta kuma faɗa, amma ba abin da ya kusance shi. Ta sake waɗanda suka lalace. Guda ɗaya Barmo ya hana a taɓa, na ayarin babansa, duk da hudojin da ke jikinsa. Ya ce wannan a bar shi yadda yake, ai an ɗanɗana an tabbatar.

Saura zane na ƙarshe, wanda tun farko shi Majo ya nema. Salima ta yi ta kewaye-kewaye ta kasa tayar da maganar. Shi ne ya tayar. Ya sa babbar rigarsa ta sallah, ya zauna a kan buzu a zaure, ya miƙe ƙafar da ke ɗaure a gaba inda kowa zai gani, ya ɗauki finjali.

"Yanzu zana ni. Ki sa fuskata sosai. Ina kallon mutane, ba waige ba."

"Ƙafar fa?"

"Har da ita. Ai tawa ce."

Ran kasuwa aka ɗaura igiya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan a rumfar gidan likita, aka jera takardun. Majo Sahabi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya. Ya tsaya a na mai rawani, ya tsaya a na masu sara, ya sosa ƙeya.

"Madam, ni gargaɗi na roƙa. Wannan rabinsa ai yabo ne."

"Ka bari mu gani, Majo," in ji ta.

Mutanen ƙauye da suka zo kasuwa suka biyo ta likita, masu jiran awo da masu rakiya, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau. Da farko kallo suke daga nesa. Sai Barmo ya tashi da sandarsa ya tsaya a gaban na farko ya fara bayani, ba wanda ya sa shi. Ya bi da su tun daga jakar babansa, ya ratsa da su ta bayan teku, inda wata tsohuwa daga Gamu ta riƙa cewa "Wayyo, bayin Allah." Da ya iso na ƙarshe ya tsaya kusa da hotonsa ya ɗaga ƙafar.

"Wannan ni ne, kun gani. Sukari abokina ne tun ina yaro, ya taɓa ceto mini ƴa. Amma na sake masa da yawa, ga inda ya kai ni. Duk mai yawan jin ƙishirwa, ga Majo nan, ya je a auna shi. Ba ya cizo."

Ran nan Majo bai samu ya ci abincin rana ba saboda masu neman awo. Da yamma ya zo ya ce wa Salima ya janye maganarsa, amma rabi kawai.

Ba za a ce Barmo ya rabu da sukari a ranar ba. Yabawa ce ta karɓe kwalin ta kulle a adakarta, tana ba shi abin da ta ga dama, wanda a cewarsa ko kiyashi ba zai taso dominsa ba. Ya yi ta mita, ya ce shayin ya zama maganin zazzaɓi, amma yana sha. Sau ɗaya Majo ya biya ta garka ya same shi yana shan rake, ɓawo ya taru a gabansa.

"Baba! Me muka ce?"

"Sukari ka hana. Wannan gonata ce."

Majo ya zauna ya yi masa bayani tun daga farko, ya tafi da sauran sandar a hannunsa yana sha a hanya. Ƙafar ta ɗauki lokaci, ƙaramin yatsa ɗaya ya tafi, amma sauran ta warke, har ya koma saransa.

Da aka janye yajin aiki Salima ta koma aji, zaman zaure ya ragu. Wata Juma'a da la'asar ta shigo ta tarar da babanta a tsakar gida, ya shimfiɗa ragowar takardar siminti a kan tabarma, gawayi a hannu, ya ƙura wa Yabawa ido tana tankaɗe.

"Auta, zo ki nuna mini. Ta ina ake farawa, ta kai ko ta ƙafa?"

Ta durƙusa kusa da shi, ta gyara masa riƙon gawayin, ta ce ya fara da abin da ya fi sani. Ya ja layi a hankali, harshe a waje. Ya hana Yabawa motsi har garin ya fara bin iska. Da ya gama ya ɗaga takardar da alfahari.

Yabawa ta karkace kai ta duba. "Malam, wannan ai tulu ne."

"Ke ce. Ga ɗankwalin nan."

"Tulu ne da ɗankwali."

Ta karɓe takardar tana cewa za ta kunna wuta da ita, ta shige ɗaki. Da Salima ta leƙa yi mata sallama kafin ta tafi gida, ta ga uwarta tsaye a kan turmi, tana lallaɓa takardar a bango, can sama da jeren kwanukanta, inda hannun jikoki ba ya kaiwa.